Kwanon Da Baba Bai Cire Ba

Litinin, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Inna ta ce in daina kiranta ina mata kuka a waya, in nemi wani wurin zubawa. To ga shi na samu. Littafin aikin ɗakin gwaji ne, gabanshi sakamakon jini da fitsarin mutanen Zariya, bayanshi kuma nawa.

Bari in fara da mai daɗi: Baba ya yi alkawarin fitowa. Yaya Shamsu ne ya kira daga Kankara ɗazu. Ya ce Baba ya ce da zarar ya sauke kwanon gidan Malam Lawwali da na gidan Liman, zai sauke namu ya ɗaure, ya biyo su. Tsakiyar wata, in ji shi. Inna da ƙannena suna Kankara wurin Gwaggo Suwaibatu tun kafin a yanke gero. Shi kaɗai ya rage a gidanmu na Unguwar Baure, shi da gudumarshi da taurin kanshi.

Baba kafinta ne. Babu rufin kwano a garinmu da ba shi ya buga ba, yanzu kuma shi ake kira ya cire. A wurinmu mutum zai kwashe mata da yara da awaki, a ce ya ɗan kauce ne, zai dawo. Amma ranar da ya sauke kwano, to ya tashi ke nan, ba a ƙara sa gidanshi cikin lissafin gari. Shi ya sa kowa ke barin kwano sai ƙarshe.

Abin da ya kore mu ba zai shiga littafin nan ba. Duk wanda ya fito tsakanin Faskari da Sabuwa ya sani, wanda bai sani ba kuma Allah ya bar shi da rashin saninshi. Ni dai Allah ya fito mani da tsohon nan lafiya, ba ni da wata addu'a a watan nan.

Laraba, 4 ga Disamba, da yamma

Yau Malam Abdulƙarim, akantan ƙaramin asibitin da nake aikin yamma bayan na fito daga aji, ya kira ni ofishinshi. Na zata kashedi ne a kan gilashin da na fasa, ashe wai haraji.

Ya ce, "Mansura, wace jiha za mu kai harajin albashinki na baɗi, Kaduna ko Katsina?"

Na ce, "Malam, wannan albashin har yana da abin da za a yanka a kai wa gwamna?"

Bai yi dariya ba, shi dama ba ya yi. Ya ce ko ba a yanki komai ba, dole sunana ya shiga takardun jiha ɗaya. Ya ce ba asali ake dubawa ba, inda mutum ke zaune ranar ɗaya ga Janairu ake dubawa. Ni kuma ɗaliba ce, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Ɗakin kwanan ɗalibai masauki ne kawai, doka ba ta ɗauke shi gida ba, sai in mutum ba shi da wani wuri tsayayye da zai iya shiga ya kwana a wannan ranar.

"In kina da ɗaki a gida da ke jiranki, Katsina. In babu, Kaduna. Kina da shi?"

Na buɗe baki zan ce ina da shi mana, sai na tuna tsakiyar wata. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce ba gaggawa, sai an dawo hutu.

Tambayar banza ta hana ni cin abinci.

Juma'a, 6 ga Disamba, bayan an sauko daga masallaci

Baba ya kira. Ranar Juma'a yake hawa dutsen bayan gari, can kaɗai waya ke kamawa. Ina jin iska da numfashinshi kafin in ji muryarshi.

Ya ce ya gama da gidan Malam Lawwali, bai yaga ko falle ɗaya ba. Har da fahariya. Ya ce yaran yanzu fizgar kwano suke yi, shi kuwa ƙusa ɗaya-ɗaya yake zarewa, ya miƙe ta, ya jefa a gwangwani, ya shafe ramin da kwalta don kada ya yi yoyo a inda za a sake bugawa.

Ban so mu rabu da maganar tashi ba, sai na ce bari in ba shi dariya. Na ba shi labarin akanta, na ce gwamnatoci biyu na rigima a kaina, duk wadda ta same ni da ɗaki ranar ɗaya ga Janairu ita ke da ni.

Ya ce, "Wace rana anka ce?"

Na maimaita.

"In sunka iske ba kowa fa?"

Na ce, "Sai su mai da ni 'yar Kaduna, in huta da ku."

Ni kaɗai na yi dariyar. Ya ce suna samari, in lokacin haraji ya yi, mai unguwa da malamin dagaci gida-gida suke bi suna ƙirga kai. Gidan da aka iske ba rufi ba hayaƙi, layi ake ja mashi. Ya ce akwai wani ƙanen kakana da ya tafi cin rani ya daɗe, ɗakinshi ya rushe, ya dawo ya iske an share sunanshi, gonarshi ta zama ta wani. A baƙo ya mutu a garin ubanshi.

"Tallafin karatun da jiha ke ba ki fa, ɗiyata?"

Na ce, "Baba, ai wannan daban ne," sai layin ya yanke. Na yi ta kira bai shiga ba. Ba komai, Juma'a mai zuwa na yi mashi bayani.

Talata, 10 ga Disamba, da hantsi

Jarabawa. Na rubuta abin da na tuna. An ce an shiga wani ƙauye ta wajen Sabuwa shekaranjiya. Ba namu ba ne. Kunya ta kama ni da na ji kaina ina cewa alhamdulillahi.

Juma'a, 13 ga Disamba, bayan la'asar

Ya kira, amma caji ya kusa ƙarewa, mai injin da ke yi masu caji ya tashi. Ya ce gidan Liman ya sauka. Na ce saura namu ke nan. Ya ce, "Ba yanzu ba."

Na ce, "Baba, alkawari fa ka yi."

Ya ce akwai ɗan aikin da ya taso. Na ce wane aiki ne a garin da kowa ke tashi? Ya ce in ci jarabawata, in bar manya da nasu. Raina ya ɓaci, na yi ta surutu a kan alkawari, na manta ɗungurum da bayanin da na ce zan yi mashi. Har wayar ta mutu ina magana ni kaɗai.

Litinin, 16 ga Disamba, da safe

Tsakiyar wata ta wuce. Bai fito ba.

Laraba, 18 ga Disamba, da azahar

Bai fito ba. Inna ta ce ita ta gaji, ta bar shi da Allah. Sannan ta tambaye ni ko na san wani mai zuwa wajen ya kai mashi rigar sanyi.

Juma'a, 20 ga Disamba

Tun da aka sauko daga masallaci wayar na hannuna. Har magariba ba ta yi ƙara ba.

Talata, 24 ga Disamba, bayan magariba, Kankara

An ba mu hutu, na taho. Su Inna a ɗaki ɗaya suke, an raba da zane. Ta rame, ni ma ta ce na rame, muka bar maganar a nan.

Yaya Shamsu ya je Unguwar Baure ranar Lahadi da niyyar ko ɗaukar Baba zai yi ya ɗora a babur. Ya dawo shi kaɗai. Ban gama sauke jaka ba ya tsaya a ƙofa, ko sannu da zuwa babu.

Ya ce, "Ke mi kika faɗa mashi?"

Na ce ban gane ba.

"Ya ce ba ya motsawa sai bayan ɗaya ga wata. Wai ma'aikatan haraji za su zo ƙidaya. Wai in sunka iske ɗakinki ba rufi za su share ki daga Katsina, su yanke maki kuɗin karatu, ki zama ba ki da gari. Ya ce shi bai bar maki gona ba, bai bar maki shanu ba, ba zai bari a ƙwace maki suna ba yana da rai. Wa ya sa mashi wannan a kai in ba ke ba?"

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Wasa fa nake yi. Wallahi wasa nake yi, don ya yi dariya.

Inna ta ce wa Yaya ya fita. Ya fita, ya dawo ya aje mani ruwa, ya sake fita.

Alhamis, 26 ga Disamba, da hantsi

Na kira Malam Abdulƙarim na ba shi haƙurin damunshi cikin hutu. Na tambaye shi ko akwai wanda ke zuwa gida ya duba.

Ya ce, "Duba me? Babu mai zuwa ko'ina, Mansura. Abin da kika faɗa shi muke rubutawa." Ya ce abin bai taɓa takardar asalina ba, bai taɓa tallafin karatu ba, ko a Legas na biya haraji ni 'yar Katsina ce har in mutu. Ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Na san haka tun farko. Abin da ke cina ke nan. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba, kuma ba ni da hanyar da zan kai mashi ita.

Asabar, 28 ga Disamba, bayan la'asar, Mairuwa

Na ce wa Inna ni zan je in faɗa mashi da bakina. Ba ta hana ni ba, ta dai sa Yaya ya biyo ni. Gajeriyar hanyar ba ta biyuwa, sai da muka zagaya ta Funtuwa. Mun sauka wurin Malam Lawwali, maƙwabcinmu, a nan Mairuwa ya kama haya. Kwanon gidanshi na jingine a bango a ɗaure, kowane rami da ɗigon kwaltar Baba.

Daga nan babu mai ɗaukar mace ya shiga. Na roƙi masu babur har na fara zaginsu, Allah ya yafe mani. Malam Lawwali ya ce, "Ɗiyata, in kika shiga, mutum biyu za mu riƙa jira maimakon ɗaya." Ya hana Yaya ma, ya ce an ga fuskarshi ranar Lahadi, kada a sake gani.

Mutum ɗaya ke shiga da sassafe ya fito da kayan mutane, Uwais mai babur, magidanci ne ɗan garinmu. Na sa shi ya haddace saƙon kamar karatun allo: babu ƙidaya, babu mai zuwa, ba a share kowa, akantan da kanshi ya faɗa, Mansura na Mairuwa tana jira. Na sa ya maimaita har ya fara jin haushina.

Lahadi, 29 ga Disamba, da azahar

Uwais ya dawo. Babur ɗinshi ɗauke da ƙyauren wani da tukwane. Babu Baba.

Ya ce ya faɗa mashi duka, bai rage ko kalma ba. Baba ya saurara, ya ce, "Ka ce mata ba ta san gwamnati ba. Haka suke cewa ba su zuwa, sai ka gan su a ƙofa. Abin da ya rage bai kai wanda ya wuce ba. Ta koma wurin uwarta, sanyi ake yi."

Ya aiko mani da magarya a ƙullin leda, daga bishiyar bayan ɗakina. Ya tuna ina son ta. Na riƙe ledar ina jin kamar in yi jifa da ita, kuma na kasa aje ta.

Litinin, 30 ga Disamba, da azahar

Na ba Uwais wani saƙon. Na ce ya ce mashi na riga na rubuta Kaduna, an gama, zamanshi ba shi da amfani. Ƙarya ce, na sani.

Uwais ya dawo da amsa. Baba ya ce, "Ɗiyata ba ta yin haka."

Talata, 31 ga Disamba, bayan la'asar

Uwais ya ce Baba ya fara sauke kwanon ɗakin Inna. Ya ce a nemo mashi mota ranar Alhamis da sassafe. Malam Lawwali ya samo mai a-kori-kura da ya yarda. Gobe kawai. Ya Allah, gobe kawai.

Laraba, 1 ga Janairu

Wajen azahar ne aka shiga Unguwar Baure. Duk Mairuwa an ji.

Alhamis, 2 ga Janairu

Mai motar ya zo da sassafe kamar yadda aka yi da shi. Malam Lawwali ya fita ya sallame shi.

Juma'a, 3 ga Janairu, bayan magariba

Su Yaya sun samu shiga garin yau, da rakiyar jami'an tsaro. Can aka yi masu sutura, ba Baba kaɗai ba ne. Yaya ya dawo da hularshi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 6 ga Janairu, da hantsi, Kankara

Mata na ta shigowa gaisuwa. Ina amsawa da bakin da ya jawo abin.

Inna ta ja ni bayan zane jiya. Ta ce in ta sake jin na ce ni ce sanadi, ba ta yafe ba. Ta ce kwananshi ne ya ƙare, kuma ita ta zauna da mutumin nan tun ban zo duniya ba, ko ban faɗi komai ba da ya nemo wani dalilin zama. Wataƙila gaskiyarta. Amma bai nemo wani ba, nawa ya samu.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Sai yau Yaya ya iya ba ni labarin gidan. Ni na matsa mashi. Muna zaune a bakin rijiyar Gwaggo, yana magana yana kallon guga.

Ya ce Baba ya sauke komai: ɗakin Inna, ɗakinshi, zaure, rumfar awaki. Ya ɗaure kwanon dami-dami a tsakar gida, ƙusoshi a miƙe cikin gwangwanin madara. A shirye yake tsaf, motar kawai yake jira.

Ɗakina kaɗai ke da rufi. An share shi, an shimfiɗa tabarma, randa cike da ruwa da moɗa a kai. Ya haɗa murhu a bakin ƙofa don a ga hayaƙi. A jikin ƙyauren ya rubuta sunana da gawayi, da boko, shi da bai fi sa hannu ya iya ba. Mansura Harisu. Yaya ya ce haruffan duk sun karkace.

Uwais ya ga Baba da hantsin ranar ɗaya ga wata. Ya sa farar babbar rigarshi ta Juma'a, yana zaune a ƙofar ɗakin, ya aje wata kujerar a gefe saboda baƙo. Uwais ya ce ya hau su tafi, ai ranar ta yi. Baba ya ce rana ba ta yi ba sai ta faɗi, ma'aikata ba su da sammako. Ya tambaye shi ko ya ga motar gwamnati a hanya.

Yaya ya ce masu rakiya sun tambaya ko a sauke na ɗakina a haɗa da sauran. Ya ɗauki gudumar, ya hau, ya sauko. Ya ce shi bai iya ba.

Na ce ya kyauta. Shi ne karo na farko da ya dube ni tun ranar da na iso.

Asabar, 11 ga Janairu

Magaryar ta bushe. Ban ci ba.

Litinin, 13 ga Janairu, da yamma, Zariya

Na koma aiki. Malam Abdulƙarim ya ji, ban san wa ya faɗa mashi ba. Ya tashi tsaye ya yi mani gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce maganar takardar nan kada ta dame ni, shi zai cike, zai sa Kaduna kawai tunda yanzu nan ne nake, ya fi sauƙi ga kowa.

Na ce, "Malam, sake faɗa mani dokar."

Ya dube ni, sannan ya faɗa a hankali. Inda mutum ke da wuri tsayayye da zai iya shiga ya kwana, ranar ɗaya ga Janairu.

Na ce, "Ba yau ba? Ba gobe ba?"

Ya ce, "Ranar ɗaya ga wata kawai."

Na ce, "To ranar ɗaya ga wata ɗakina na da rufi. An share shi, akwai tabarma, akwai ruwa a randa, sunana na jikin ƙofa. Akwai mutum zaune a bakin ƙofar tun safe yana jiran a zo a ƙirga ni."

Ya cire tabarau ya aje. Ya ɗauki biro, ya ce in faɗa mashi sunan garin.

Na ce Unguwar Baure, ƙaramar hukumar Faskari, jihar Katsina. Na tsaya a kanshi har ya gama rubutawa.